Tafiya da Kare a Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi kan Kiyaye Lafiyarsa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu karnukan gida da ke son ɗaukar dabbarsu a jirgin ruwa ko kwale-kwale, ko a tafki ne, ko a kogi, ko a teku. An sa musu lamba domin sau da yawa wata amsar takan tura mai karatu zuwa ga wata.

1. Ashe ba kowane kare ne ya iya iyo ba?

Kusan kowane kare zai riƙa bugun ruwa da ƙafafunsa idan ya tsinci kansa a ciki, amma bugun ruwa daban, iya iyo daban. Akwai jinsunan da aka kiwata tun asali domin aikin ruwa, irin su Labrador da Newfoundland, masu faffaɗan tafin ƙafa da gashin da ba ya saurin jiƙewa har fata. Akwai kuma waɗanda ƙirar jikinsu ba ta taimaka musu. Buldog da Pug, saboda gajartar hancinsu, sai sun ɗaga kai sama sosai kafin su numfasa, kuma da zarar kan ya ɗagu sai ƙugu ya nitse. Dachshund da Basset Hound suna da dogon jiki bisa gajerun ƙafafu, shi kuwa Greyhound ba shi da kitsen da zai tallafe shi a saman ruwa.

Ko da karen gwanin iyo ne, a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Gefen jirgi sumul yake, yana da tsawo, kuma babu inda farce zai kama. Karen da ya faɗa tsakiyar tafki zai yi ta kewaya jirgin yana neman wurin hawa har ƙarfinsa ya ƙare, alhali gaɓa tana nesa. Saboda haka tambayar da ya kamata mai kare ya amsa wa kansa kafin a kwance jirgi ita ce yadda zai dawo da dabbar ciki idan ta faɗa, kuma yawancin abin da ke biye a kan wannan ya ginu.

2. Akwai karen da bai kamata a shiga jirgi da shi ba?

Akwai. Ɗan kwikwiyon da bai kammala allurarsa ta rigakafi ba, da tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da karya mai tsohon ciki, duk sai an ji ta bakin likitan dabbobi tukuna. Haka nan karen da ba ya amsa kira a tudu ba zai fara amsawa a ruwa ba, inda tsuntsaye da kifaye da sauran jirage ke ɗauke masa hankali. Idan kuma an bi matakan tambaya ta 4 sau da dama amma har yanzu yana makyarkyata da ganin jirgi, to a bar shi a gida wurin wanda zai kula da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. Lallai sai ya sa rigar ceto? Wace iri ce ta dace?

Lallai ne, ko da gwanin iyo ne, domin rigar ba ta hana nutsewa kaɗai take yi ba: ita ce ke ba mutum abin kamawa. Abu na farko da za a duba shi ne mariƙi mai ƙwari da aka ɗinka a gadon bayan rigar, wanda zai iya ɗaukar nauyin karen gaba ɗaya a jiƙe. Sai launi mai ɗaukar ido, kamar ruwan lemo ko rawaya, tare da zirin da ke ƙyalli idan an haska fitila, saboda kan baƙin kare a tsakanin igiyoyin ruwa ɗan ƙaramin abu ne da ido ke saurin ɓatarwa. Ga masu gajeren hanci da aka ambata a tambaya ta 1, a nemi rigar da ke da matashi a ƙarƙashin haɓa domin ya riƙe kan a sama.

Wajen girma, ana auna kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, wato daf da bayan ƙafafun gaba, sannan a haɗa da nauyin karen. Idan an ɗaure maɗauran, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsu da jiki, kada ya wuce haka. Rigar da ta yi yawa takan suɓuce ta bar kare a ruwa a daidai lokacin da aka ja mariƙin, wadda ta matse kuma takan hana shi numfashi da tsugunawa. A gwada ta a gida: a ɗaga shi kaɗan ta mariƙin a ga ko jikinsa ya tsaya daidai, sannan a kai shi ruwa marar zurfi ya yi iyo da ita kafin ranar tafiya.

4. Yaya zan saba masa da jirgi kafin tafiyar farko?

Da kaɗan-kaɗan, kuma a fara tun jirgin yana tudu ko yana ɗaure a gaɓa. A bar shi ya shinshina, ya hau, ya sauka da kansa, ana yaba masa ana ba shi ɗan abin da yake so. Wata rana a tayar da inji ba tare da an motsa ba. Kunnen kare yana jin sautin da kaifinsa ya haura Haz 45,000 (Haz shi ne ma'aunin kaifin sauti), alhali na ɗan Adam yakan tsaya wajen 20,000, don haka ƙarar da mutum ya saba da ita tana iya zame masa abin firgita. Idan ya natsu da ƙarar, sai a yi ɗan zagaye na minti 10 zuwa 15 a ruwa mai kwanciya, a riƙa ƙara tsawon tafiyar a hankali.

Umarni uku nake ganin sun zama dole kafin a yi nisa da gaɓa: ya zo idan an kira shi, ya kwanta a shimfiɗarsa idan an ce ya kwanta, kuma ya jira har a ba shi izini kafin ya hau ko ya sauka. Na ukun shi ne aka fi sakaci da shi.

5. A ina zai zauna, kuma ya dace a ɗaure shi?

Wurinsa shi ne tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, a inuwa, bisa shimfiɗar da ba ta santsi. Karnuka suna son tsayawa a goshin jirgi iska na kaɗa su, amma nan ne igiyar ruwa ɗaya za ta iya cilla su gaba, jirgin kuma ya bi ta kansu da farfela. A yanke masa farata kafin tafiya domin dogon farce yana ƙara zamewa. Lokacin hawa da sauka kuwa a riƙe shi ko a ɗauke shi, domin ratar da ke tsakanin jirgi da dakalin tsayawa wuri ne da kare zai iya faɗawa jirgi ya matse shi.

Maganar ɗauri ta danganta da irin jirgin. A babban jirgi da ba ya saurin kifewa, ana iya ɗaure shi idan ruwa ya harzuƙa ko za a tsaya a tasha, da sharaɗi biyu: a ɗaura igiyar a ɗamarar ƙirji ko a zoben rigar ceto, ba a wuya ba, kuma ta yi gajartar da ba zai iya kaiwa gefe ba. Igiya mai tsawo ta fi rashin igiya haɗari, domin idan ya tsallake zai rataye ko a riƙa jansa a ruwa. A ƙaramin kwale-kwale da ke iya kifewa kuwa, kada a ɗaure shi da komai, domin idan jirgin ya juye zai maƙale a ƙarƙashinsa.

6. Idan ya faɗa ruwa, me zan yi?

A rage gudu nan take, mutum ɗaya ya kafa masa ido yana nuna shi da hannu ba tare da ya waiwaya ba, matuƙi kuma ya juyo a hankali ya tunkare shi jirgi na fuskantar iska, domin ta haka ne ya fi iya sarrafa shi. Kafin a iso gab da karen a kashe inji ɗungurum, saboda zai nufo muryar mai shi ta kowane gefe, har da wajen farfela. A riƙa kiransa da murya mai kwanciya. Idan ya matso, a kama mariƙin rigar, ko a saƙalo shi da sanda mai ƙugiya, a ɗago shi. Kada a ja shi ta abin wuya ko ta ƙafafun gaba.

Babban kare a jiƙe ya fi ƙarfin ɗagawar mutum ɗaya, musamman a ƙaramin jirgi da ke karkata. Akwai matakala ta musamman da ake rataya wa jirgi domin karnuka, kuma ta cancanci a same ta. Idan babu, a bar shi ya ɗora ƙafafun gaba a bakin jirgi, a tokare masa ƙeya da tafin hannu. Zai tura kansa baya ga hannun, ya samu ƙarfin hawowa da ƙafafun baya. Wannan dabara sai an gwada ta a ruwa marar zurfi sau da yawa kafin ranar buƙata.

Kada mai kare ya yi tsalle ya bi shi. Na san zuciya ba ta son jin wannan, amma karen da ya firgita yakan haye kan mutum yana yaƙushinsa har ya danna shi ƙasa, kuma ruwan da ɗuminsa ya gaza digiri 15 a ma'aunin Selshiyas yakan ƙwace wa mutum numfashi a mintunan farko. Wanda ke cikin jirgi shi ne mai iya ceto.

7. An tsamo shi kuma ga alama lafiyarsa ƙalau. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Idan ya shaƙi ruwa zuwa huhu, alamun suna iya jinkirta bayyana har tsawon sa'o'i, don haka a sa masa ido na kwana guda: tari, numfashi da ƙyar, kasala, ko dasashi ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, kowanne ya isa dalilin garzayawa wurin likita. Karen da ya nutse ko da na ɗan lokaci ne a kai shi a duba shi, ko ya miƙe yana wasa. A goge shi da tawul a lulluɓe shi, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska.

Idan an fito da shi ba ya numfashi kuma ba ya motsi, a kwantar da shi a gefensa, a buɗe baki a cire abin da ya toshe, a riƙa danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane danni 30 a rufe bakinsa a hura masa iska sau 2 ta hanci, a ci gaba da haka wani kuma yana tuƙa jirgi zuwa gaɓa.

8. Tunda muna kan ruwa, ai zafi ba zai dame shi ba ko?

Wannan zato ne mai haɗari. Kare ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki sosai a iska mai laima irin ta saman ruwa. Ga rana daga sama, ga haskenta da ruwa ke maidowa daga ƙasa, ga rigar ceto da ke riƙe ɗumi. Ɗumin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya kai 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara shiga haɗari. Alamun farko su ne haki mai tsanani, dalala mai kauri, dasashi ja wur, sannan tangaɗi, amai da faɗuwa.

Da an ga haka a kai shi inuwa, a cire rigar, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki ana yi masa fifita, sannan a nufi likita. Sanyaya jiki ake farawa da shi kafin tafiyar. Kada a naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul a bar shi haka, domin tawul ɗin zai ɗumama ya tare zafin. Daɓen jirgi, musamman na ƙarfe ko mai duhun launi, yana ƙona tafin ƙafa: a ɗora bayan hannu a kai, idan ba a iya jure daƙiƙa 5 ba, shi ma ba zai iya ba. Masu farin gashi da jan hanci rana takan ƙone musu hanci da bakin kunne da ciki. A shafa musu man kariya da aka yi domin dabbobi, ba na mutane ba, saboda na mutane sau da yawa yana ɗauke da sinadarin zinki wanda ke cutar da kare idan ya lashe.

9. Zan iya barinsa ya sha ruwan da muke tafiya a kai?

A'a. Ruwan teku yana ƙara ƙishirwa, yana jawo amai da gudawa, kuma idan ya yi yawa gishirin yakan hau cikin jini har ya kai ga makyarkyata da jijjiga. Ruwan tafki da kogi kuma yana iya ɗauke da ƙwayar Giardia mai sa zawo, ko ƙwayar Leptospira da ke fitowa daga fitsarin ɓeraye da wasu dabbobi, wadda ke lalata ƙoda da hanta kuma tana kama mutane. Akwai allurar rigakafin Leptospira, a tambayi likita. Hanyar hana shi sha ita ce kada a bari ya ji ƙishi. Kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ya fi haka a zafi, don haka a ɗauko ruwa mai tsabta da yawa a riƙa miƙa masa a kai a kai.

Akwai kuma haɗarin da mutane kaɗan suka sani: karen da ake ta jefa wa abu a ruwa yana ɗaukowa da baki a buɗe zai iya haɗiyar ruwan daɗi har gishirin jininsa ya tsinke. Kumburin ciki, amai, tangaɗi da ɗaukewar ido su ne alamun. A riƙa tsayar da wasan bayan kowane ɗan lokaci ya huta.

10. Me ya sa ake gargaɗi kan koren ruwa?

Saboda wata irin gansakuka mai launin kore da shuɗi, wadda a gaskiya tarin ƙwayoyin bakteriya ce, takan mamaye tafkuna da ruwa marar gudu a lokacin zafi. Takan yi kama da koren fenti da aka zubar, ko kumfa da ta taru a bakin gaɓa. Wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai lalata hanta, wasu kuma mai shanye jijiyoyi, wadda za ta iya kashe kare cikin mintuna ko sa'o'i kaɗan, kuma babu maganin da ke karya ta. Ido ba ya bambance mai guba da marar guba. Idan ya shiga irin wannan ruwa, a hana shi lasar jikinsa, a wanke shi da ruwa mai tsabta nan take, a kai shi likita ba tare da jiran alama ba.

11. Kare yana yin jirin jirgi?

Yana yi, musamman ƙanana waɗanda sassan cikin kunnensu masu daidaita tsayuwa ba su gama ƙosawa ba. Yawan hamma, lasar leɓe, dalala da rashin sukuni sukan riga amai. A guji cika masa ciki sa'o'i 2 zuwa 3 kafin tashi, a ajiye shi a tsakiyar jirgi inda jijjiga ta fi sauƙi, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 5. Likitan dabbobi yana iya rubuta maganin maropitant, wanda aka fi sani da sunan Cerenia. Kada a ba shi maganin mutane da ka.

12. Ina zai yi fitsari da bahaya?

A zagaya da shi sosai kafin a hau, kuma a tsara tafiyar yadda za a riƙa sauka tudu bayan kowane sa'o'i kaɗan. A doguwar tafiya da ba a ganin gaɓa, ana amfani da tabarmar ciyawar roba a wani lungu na jirgi, amma sai an koya masa ita tun a gida, domin karen da aka horar kada ya ɓata ɗaki yakan ɗauki jirgi a matsayin ɗaki, ya riƙe fitsari har ya cutu. A kwashe kashinsa a leda a zubar a tudu.

13. Waɗanne abubuwa ne a cikin jirgin kansa ke iya cutar da shi?

Hayaƙin inji da na janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda takan taru a bayan jirgi da cikin rufaffen ɗaki. Kada a bar kare ya kwanta a can inji na aiki, kuma kada a kulle shi a ciki shi kaɗai. Ruwan sanyaya inji mai sinadarin etilin gilaikol yana da ɗanɗanon da karnuka ke lasa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Fetur, man inji da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi duk a nesanta su da bakinsa.

Masu kamun kifi su kula da ƙugiya, domin ƙarnin abin tarko yana jan kare. Idan ya haɗiye ƙugiya zare na leƙowa ta baki, kada a ja zaren ko kaɗan, kuma kada a yanke shi gajere. A ɗaure bakin zaren a abin wuyansa a tafi likita. Kada a bar shi ya ci mataccen kifi a gaɓa. A yankin arewa maso yammacin Amurka, ɗanyen kifin salmon yana ɗauke da wata cuta mai kashe karnuka idan ba a yi magani ba.

14. Me zan sa a akwatin agajin gaggawa?

Bandeji, auduga, almakashi, hantsaki, filaya mai yanke waya, ruwan gishiri na wanke ido da rauni, ma'aunin zafin jiki, tawul biyu, da takunkumi, domin ko kare mai sanyin hali yakan yi cizo idan yana jin zafi. A haɗa da magungunan da yake sha, da lambar likitan da ya fi kusa da inda za a tafi. Ibuprofen guba ne ga kare, farasitamol ma kada a ba shi sai da umarnin likita. A wuyansa a rataya shaida mai lambar waya, sannan a tabbatar an dasa masa ƙaramar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata kuma bayanan da ke cikinta na yanzu ne, domin karen da ya faɗa ruwa ba a gani ba yakan fita ta wata gaɓa mai nisa.

15. Bayan an dawo gida fa?

A ɗauraye shi da ruwa mai tsabta domin gishiri da yashi suna sa ƙaiƙayi, a tsane cikin kunnuwansa, musamman masu faɗaɗɗen kunne da ke saurin ruɓewa da laima, a duba tafin ƙafa da inda maɗauran riga suka goga. Idan washegari wutsiyarsa ta saki tana lilo kuma yana jin zafi idan an taɓa gindinta, yawanci gajiyar tsoka ce da iyo a ruwan sanyi ke jawowa, takan warke cikin 'yan kwanaki da hutu, amma likita ne zai tabbatar ba karaya ba ce.

16. Idan tafiyar za ta ƙetare iyakar ƙasa, me ake buƙata?

Kowace ƙasa da dokarta, kuma shiga ta ruwa ba ya ɗauke wa kowa ita. Tarayyar Turai tana buƙatar na'urar shaida, da allurar rigakafin haukan kare da aka yi bayan ya cika mako 12, sannan a jira kwana 21 kafin tafiya. Daga wasu ƙasashen kuma sai an ƙara da gwajin jini da jiran wata 3. Birtaniya ba ta yarda a shigo da kare a jirgin ruwa na kashin kai ba sai daga Ireland. Amurka, tun daga 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, kuma dole ya zo da na'urar shaida da fom ɗin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Ostireliya tana killace yawancin karnukan da ta yarda su shiga na aƙalla kwana 10.

Dokokin nan suna sauyawa, don haka a tuntuɓi hukumar lafiyar dabbobi ta ƙasar da za a je, da ta ƙasar da za a dawo, watanni kafin ranar tashi. A ajiye takardun a jakar da ruwa ba ya shiga, tare da akwatin da aka bayyana a tambaya ta 14, kuma idan an isa tashar wata ƙasa kada a sauke karen tudu har sai jami'an tashar sun duba takardunsa sun ba da izini.